Bokitin Bachir a Bakin Ruwan Ha'ir

Bachir mutumin Mirya ne, can ƙasar Damagaram, direba a Riyad. Abokan ɗakinsa a unguwar Manfuha sun san shi da rashin zama wuri ɗaya. Ya tuƙa tankar ruwa, ya yi jigilar 'yan makaranta, ya canza kafili, wato ubangidan aiki, har mutane suka gaji da tambaya. Ko shayi a tsaye yake sha.

Cikin waɗanda ya yi wa tuƙi akwai wani likita ɗan Sudan mai son kallon tsuntsaye. Da likitan zai koma gida, ya bar masa madubin hangen nesa da wani bokiti mai fitila a baki. Kwalayen ƙwai ake jerawa a ciki, ƙwarin dare masu fukafukai su biyo haske su faɗa, su kwana a maƙale.

Tun daga nan, da zarar zafi ya fara sauka wajen Oktoba, Bachir ba ya samun sukuni. Yammacin Alhamis yakan kai bokitin bakin ruwan Ha'ir, kudu da gari, da ya idar da Asubar Juma'a kuma ya koma. Ya buɗe, ya duba ƙwarin ɗaya bayan ɗaya, ya sake su. Sannan ya bi gaɓa yana ɗaga kai: ga zalɓe, ga balbela, ga tsattsewa garke-garke sun miƙa kudu. A nan yakan kira matarsa Delou ya ce bana zai dawo. Ita dai sai ta ce to.

Wata safiya ya tarar da wani dattijo Balarabe, mai gonar dabinon da ke kusa, tsaye a kan bokitin da sanda. Dattijon ya zaci sihiri aka ajiye masa, har ya ciro waya zai kira 'yan sanda. Ya ce Bachir ya nuna iƙama, takardar izinin zama. Bachir ya nuna, sannan ya ɗaga kwali guda. Wani babban ƙwaro mai ruwan toka ya hau yatsansa, ya buɗe fukafukai, sai ga ja wur a ƙarƙashi.

Dattijon ya daɗe yana kallo. "Saboda wannan kake baro barcinka?"

"Dama ba samunsa nake yi ba, ya ammi," in ji Bachir, yana kiransa baffa da Larabci.

Dattijon ya zuba masa gahawa. Daga baya ya ba shi aikin jigilar dabino da ɗaki a gonar. Kaka guda Bachir ya yi a can, kullum gari na waye masa a bakin ruwa. Da tsuntsayen suka ragu, ya fara tambayar direbobin tirela labarin hanyar Jizan, can kudu.