Ba hannun Jatau ne ya tsufa ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris na 1965, da hantsi, ina tsakar gida ina sheƙar gero, maƙwabciyata Habsatu ta leƙo ta ce mani Malam Jatau makanike na bakin tashar Dogon Dutsi ya rasu. Tarin nan ne da ya daɗe yana cin shi. Ƙwaryar ta suɓuce mani, kaji sunka samu rabonsu, ban ko kore su ba.

Malam Jatau, ni ce Ajuma, uwar Gambo direba. Ka ce in yi shiru, na yi. Yau kam ba ni iyawa, kuma wallahi har da kai nike hushi.

Jiya wurin sadakar bakwai ɗinka, ina zamne cikin mata, na ji wani daga zaure yana cewa: "Allah jiƙan shi, mutumin kirki, sai dai hannun ya tsufa. Ba ku ga yadda ya yi da motar Gambo ba?" Kowa ya ce hakanan ne. Cikin masu cewa hakanan ne har da wanda ka bi da ƙafa cikin rairayin Sukukutane, rana tsaka, ka tada mashi mota da matarshi na naƙuda a ciki. Ga ɗanka Inusa zamne, magidanci da iyali, wanda ya gaji garajinka, kai sunkuye. Tun kahin ka kwanta masu motoci sunka daina shigowa garajin nan. In wannan magana ta zamna, da mi Inusa zai ci da gidanku?

To ku saurara, ku masu bakin magana.

Akori-kurar Gambo ita ka ciyar da mu. Ita ka kai mutane da buhunan wake Matankari da Dumega. Da injinta ya mutu bara, kai ka sauke shi, ka warware shi ƙarhe-ƙarhe bisa tabarma, ka wanke kowane ɗaya kamar jinjiri, ka sa sababbin kaya inda sunka cinye, ka maida. Ranar da ka gama ka tada shi, na kawo maku hura, na ji kukanshi da kunnena, sumul. Ka ce a bar motar ta wuni nan, gobe Gambo ya ɗauka.

Washegari Gambo ya ɗauka, mota ta zama tsohuwar jaka. In ta iske tudu sai mutane su sauka su tura. Hayaƙi baƙi ƙirin a bayanta. Bidon isansi, wato jarkar hetur, da ke kai ta Matankari ya maido ta, yanzu tun a hanyar dawowa ya ƙare. Gambo ya dawo maka da ita, yana ɗaga maka murya gaban jama'a, kai da ka koya mashi riƙon sitiyari don zumuncinka da ubanshi marigayi. Ka tashi ka nuhi motar. Ka ce a buɗe.

Kwana talatin da wani abu kana bisa motar nan. Ni da ke kai ma Gambo abinci garaji, duk a idona anka yi. Ka hitar da buji, waɗanga masu ba inji wuta, ka nuna mani su baƙi kamar gindin tukunya, ka ce: "Uwar Gambo, mai ya yi mata yawa, ban san ta ina ba." Ka goge su, ka maida, kwana biyu sun sake baƙi. Ka gyara lokacin wutar, ka ja gaba, ka ja baya. Ka kwance kabireta, mai haɗa mai da iska, sau uku, kana busa ƴan ramukanta da bakinka, kana tari har sai ka dafa mota. Ka ɗaga ƙafahunta kana juya su da hannu ko birki ne ke riƙe ta. Daga ƙarshe ka sake buɗe kan injin da ka ɗaure da hannunka, kana zargin kanka. Ƴan tasha na ta ba'a. Wasu sunka ce doguwa ta hau motar, a kira masu bori. Ka ce in doguwa ce ta zo ta riƙa maka sifana.

Ni kuwa ina tsaye da ƙwarya, ina cewa Allah ya sawwaƙe, ban san ni ce ciwon ba.

Ga abin da na yi. Gambo ya taɓa kihewa da mota, tun daga nan ba ni da kwanciyar rai. Na karɓo mashi laya wurin wani malami. Amma shi ya yi lakwal, makarantar boko, shekara huɗu, duk layar da na rataya mashi sai ya tsinke ta ya ce kayan tsohi. To ranar da ka gama aiki, da kunka tahi sallar azahar kunka bar ni da tsaron ƙwarya, na ga wani gwangwani mai marhi bisa injin, kamar ƴar tukunya. Na ce nan kam Gambo ba ya dubawa. Na yage gehen tsohon zanena na saƙi, na naɗe layar da kyau, na cusa cikin wuyan gwangwanin, na danna da icce don kada ta yi motsi. Na ruhe. Har daɗi na ji. Wa ya taɓa gaya mani mota na numfashi?

Ba ka duba nan ba don kai ka wanke shi ka ruhe da hannunka. Sai ranar da ka cire shi don ya tare maka hannu, ka tada inji babu shi, ya yi ruri kamar sa. Da la'asar sai ga ka ƙofar gidana, ka yi sallama, ka miƙo mani ƙunshin, ya yi baƙi da mai. Ka gane zanen.

Ka ce: "Uwar Gambo, kin toshe mata hanci. Ke ma in an toshe maki, ba ki hawa tudu."

Na ce bari in tahi tasha yanzu in faɗa. Ka ce a'a. Ka ce Gambo yaro ne mai zahin kai, in ya ji zai raina uwarshi, kuma tasha za ta sa ni waƙa har jikokina. Ka sa na yi maka alkawari. Ka koma ka ce masu kuskurenka ne, wani abu ka ɗaure ba daidai ba. Kwana goma sha biyu bayan nan ka kwanta.

Haba Malam Jatau! Wane irin abu ne wanga? Shekara talatin kana gina suna, ka ɗauke shi ka ruhe kunyar tsohuwa da shi, sannan ka tahi ka bar ni da bakin nan a ɗaure? Ka tuna da Inusa kuwa? Na karya alkawarin, ka yahe mani. Na gaya ma Gambo da sahen ga. Bai raina ni ba. Ya zamna bakin rijiya ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izarka, don kai kam ba ya da inda zai iske ka ya ba ka haƙuri.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya ruhe asirinka ranar tsayuwa yadda ka ruhe nawa. Lantana, ƴar'uwa, Allah ya ba ki haƙurin rashin mijinki. Inusa da Hasiya, Allah ya raya ku bisa halin ubanku. Dangi na Matankari da na Tibiri, Allah ya ba mu danganar baki ɗaya.

Gambo zai karanta wagga takarda a tasha ranar kasuwa, tsaye bisa bayan motar, da muryar nan tashi da ya ɗaga maka. Ni ma ina nan gehe da guntun zanen a hannuna, duk mai son dariya ya yi da ni. In sun gama, su kai motocinsu wurin Inusa.