Damin Gidan Maƙeri

Gonarmu tana bakin hanyar Bulkachuwa, inda yanzu gidajen Azare suka fara leƙo ta. Asalinta mashekarin wani Bafulatani ne. Shanunsa sun daɗe suna kwana a wurin har ƙasar ta yi baƙi. Da zai tashi sai ya bar wa wani maƙeri, amininsa. Maƙerin bai iya noma ba, ciyawa ta cinye wurin. Kakana ya saye ta a hannunsa da bijimi guda, a gaban dattawan da duk yanzu ƙasa ta rufe musu ido.

Ba a jima ba maƙerin ya rasu ya bar ƙananan yara. Kakana mutum ne mai tausayi, sai ya sa duk girbi a ɗaure damin gero a kai musu. Bayansa babana ya ci gaba, bayan babana ni ma na ci gaba. A wajenmu kuwa, wanda aka ba aron gona shi ke kai dami, don kada a manta da mai ita. Mun san haka sarai, amma ko sau ɗaya ba mu kawo wa ranmu komai ba.

Shekarar da aka fara yanka fuloti a gefenmu, jikan maƙerin ya same ni ina huɗa.

“Malam, mun gode da riƙo. Gonarmu muke so.”

“Wace gonar?”

“Wadda kuke kawo mana daminta mana.”

Ban taɓa jin ɓacin rai irin na ranar ba. Geron da ya girma da tuwonsa, shi ya mayar makamin ƙwace mini gona!

A gaban dagaci ya jero shaidu, kuma ba ƙarya suka yi ba, unguwa duka ta sha ganin damin yana shiga gidansu. Na ce, “Ranka ya daɗe, a je a dubi mangwaron da kakana ya dasa. Yaushe mai aro ya fara dasa itace a gonar wani?” Dagaci ya ce in ci gaba da nomana. Jikan ya tashi yana kaɗa riga, wai sai mun haɗu a kotu.

Da girbi ya zo, ƙannena suka ce ko zangarniya ɗaya kada ta sake shiga gidan, shaida nake ƙara masa. Na ce ba yaron da zai mayar da alherin kakana bashi, kuma ba zai sa in yanke shi ba. A gidan akwai gwaggonsa, autar maƙerin, tsohuwa ce da ido ya tafi, da geron nan ake dama mata kunu.

Na ɗora damin a babur da rana tsaka, na ratsa ta gaban majalisar jikan, na dire shi a ƙofar ɗakinta.

“Inna, ga gero. Kyautar kakana ce, ba na aro ba ne.”

Ta shafa damin. “Na sani, ɗan nan. Ina tsaye aka shigo mana da bijimin.”

“To me ya hana ki faɗa?”

“Wa ya tambaye ni?”

Jikan yana tsaye a bakin zaure, ya ji komai. Na kalle shi na ce baɗi ma zan kawo.