Iliyasu Direba da Lasisin Marigayi

Iliyasu direba ne. Shekara ashirin da uku ya yi yana jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ranar kasuwa kuma ya zarce Basirka. Mutum ne marar hayaniya, ba ya gudu a titi, ba ya kuma son duk abin da bai gane kansa ba. Ƙaninsa Abdurra'uf, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne mai situdiyon da ke bayan kasuwar Birnin Kudu, inda ake buga waƙoƙin biki da na bege da tallan 'yan kasuwa. Iliyasu bai taɓa hana shi ba, bai kuma taɓa taka ƙafarsa shagon ba. In an tambaye shi sana'ar ƙaninsa sai ya ce, "Yana harkar kwamfuta."

A daminar 2023 zazzaɓi ya kwantar da Abdurra'uf, kwana shida ya yi yana jinya Allah ya karɓi abinsa. Ya bar matarsa Bara'atu da yara biyu, mace da namiji, da tsohuwarsu Inna Kubura da ke zaune a Dingaya. Dangi suka ɗora wa Iliyasu tattara abin da mamacin ya bari kafin a kira malami ya raba gado.

Sai da aka yi wata uku ya iya buɗe shagon. Ya tarar da lasifikoki biyu, da abin magana, da fiyano, da kwamfutar tafi-da-gidanka da ta sha hannu har haruffanta sun goge. Wani mai sayar da tsofaffin wayoyi ya taya kwamfutar, ya ce zai share duk abin da ke ciki ya sayar wa ɗalibai. Iliyasu ya ce ya dawo ranar Asabar ya ɗauka.

Ranar Alhamis Taufiq ya zo ya same shi a tasha. Abokin marigayin ne, shi ma yana da ɗan situdiyonsa a Gwaram, labarin cinikin ne ya kawo shi.

"Yaya, don girman Allah kar ka bari a share ta," in ji Taufiq. "Abin da ke cikinta ya ninka kuɗinta sau huɗu."

"Waƙoƙin?"

"A'a, manhajar da ake haɗa kiɗan da ita, da tarin sautukan da yake ɗauko ganga da sarewa da goge a ciki. Yawancinmu na sata muke amfani da su, waɗanda ake tura wa juna a filas, yau su yi aiki gobe su tsaya. Shi kuwa sai da ya shekara biyu yana tari ya sayi na gaske, da lasisi, da sunansa. Kamar takardun motarka ne. Ana iya sayarwa a canja suna, in kamfanin ya yarda. Ni ina so."

Iliyasu ya zauna a kan benci. Saura kwana biyu da ya salwantar da dukiyar marayu da hannunsa, bai ma sani ba. Ya aika wa mai wayoyi cewa an fasa. Amma hankalinsa bai kwanta ba, domin bai taɓa jin an sayar da abin da ba a ɗauka a hannu ba. Bayan La'asar ya tsayar da Malam Hambali, limamin masallacin tasha, ya zayyana masa komai.

"Da kuɗinsa ya saya?" in ji liman.

"Da kuɗinsa, Allah gafarta Malam."

"Masu abin sun yarda a sayar, mai saye kuma ya san abin da yake saye?"

"Haka yaron ya ce."

"To haƙƙi ne, ana gadonsa. Sai dai ka bi ƙa'idar masu shi, kar ka ƙara kar ka rage."

Daga nan wahalar ta fara. Lasisin yana ɗaure da imel ɗin marigayin, kuma babu wanda ya san lambar sirrinsa, har Bara'atu. Taufiq ya ce hanya ɗaya ce ta rage: a nemi sabuwa, za a turo lambobi shida ta layin wayar Abdurra'uf. Ya kuma yi gargaɗi cewa layin da ya daɗe a kashe rufe shi ake yi a ba wani. Iliyasu ya je wajen Bara'atu, tana cikin takaba, ta amsa masa daga bayan labule.

"Yaya, ai wayar tana hannun Inna. Ranar sadakar uku ta tafi da ita."

Washegari Iliyasu ya ba wani direba motarsa, suka hau babur shi da Taufiq suka nufi Dingaya, kwamfutar a jaka a bayansa. An yi ruwa, wuri biyu sai da suka sauka suka tura. Inna Kubura ta saurare su har suka gama, sannan ta ce ba za ta bayar ba. Akwai muryar ɗanta a ciki, saƙonnin da yake aiko mata yana tambayar ciwon ƙafarta. Ta daina kunnawa ne don tsoron kar ta danna wani wuri su ɓace.

"Inna, ba za a taɓa komai ba," in ji Iliyasu. "Saƙo ɗaya za mu karanta. In kin ga dama ki riƙe ta a hannunki."

Haka aka yi. Ta ciro wayar daga cikin kwalla, a naɗe da ɗankwali. Aka kai wa mai caji ta yi rabin awa. A gidan babu sabis, sai suka taka har tudun da ke bayan makarantar firamare, tsohuwa na dogara sanda tana riƙe da waya. Taufiq ya buɗe kwamfutar a kan cinyarsa ya danna. Minti ɗaya, biyu, shiru. Iliyasu na ta salati a zuci. Can sai wayar ta yi ƙara a tafin Inna, har ta firgita. Taufiq ya leƙa ya karanta lambobin, ya rubuta, imel ya buɗe.

"Alhamdu lillahi," in ji Iliyasu, ya durƙusa a wurin.

Kamfanin a Turai yake. Wani malamin sakandare ya rubuta musu wasiƙa da Turanci, masu kamfanin suka nemi takardar shaidar rasuwa da sa hannun magada, aka ɗauki hotonsu aka tura. Kwana goma sha tara ana jira. Amsar da ta zo ita ce manhajar da tarin sautuka uku za a iya mayar da su sunan Taufiq, amma biyu ba sa canja hannu, an sayar da su ne ga mutum ɗaya tak. Taufiq ya ce ai suna nan a kwamfutar, babu mai sani in ya ci gaba da amfani da su. Iliyasu ya girgiza kai, ya sa aka cire su a gabansa. Bai kuma bar Taufiq ya yanka wa kansa farashi ba, sai da ya sa aka tambayi masu situdiyo biyu a Kano, aka tsaya a tsakiya. Taufiq bai ji haushi ba, ya ce shi ma hakan ya fi masa kwanciyar rai.

Aka raba gado bayan Bara'atu ta fita takaba. Da kasonta ta sayi injin markaɗe, na yaran kuma aka saya musu tumaki aka kai Dingaya kiwo. Da Iliyasu ya koma gida ranar, ya ci tuwo malmala biyu, abin da ya yi watanni bai yi ba. Yana wanke hannu ya ce wa matarsa A'i ta kawo biro da takarda. Ya rubuta mata lambar buɗe wayarsa da ta katin banki, da sunan bakaniken da ke riƙe da safayar makullin mota.

"Malam, lafiya?" ta tambaya.

"Lafiya ƙalau. Ki ajiye a inda za ki tuna."