Ƙwayoyin da Aka Sa Na Zuba wa Mijina a Kunu

A ƙarshen zamanin Turawa ina matar aure a Batsari, da 'ya'ya biyu. Mijina tsohon soja ne, ya dawo daga yaƙi da shan burkutu. Duk ranar kasuwa sai ya zame ya nufi wani ƙauye ta wajen Safana, ya komo yana tangaɗi. Amma bai taɓa ɗaga mini hannu ba, gonarsa kuma ba ta taɓa zama saura ba. Yakan ce mini yana so ya bari, abin ne ya fi ƙarfinsa.

Wansa malami ne, kuma ba lafiyar ƙanensa ce ta dame shi ba, abin da mutane ke faɗa a kan gidansu ne. Wata rana ya kira ni zaure, ya miƙo mini fararen ƙwayoyi ƙulle a tsumma. Ya ce maganin Turawa ne na hana shan giya, wani ya samo masa a birni, in riƙa dakawa ina zubawa a kunun mijina, kada in kuskura ya sani. Na ce Yaya Malam ya yi haƙuri a fara gaya wa mijina. Ya ce mace ba ta koya masa gyaran gidansu. Na bi umarni.

Ranar kasuwa mijina ya sha kununsa ya fita. Da la'asar aka kawo shi a kan jaki, fuska ta yi jawur, yana amai, numfashi na sarƙewa. Ya rayu, amma hannunsa da ƙafarsa na dama suka shanye. A gaban dangi malamin nan ya rantse bai san wani magani ba, ya ce ni na yi wa ƙanensa sammu. Mijina yana kwance yana kallona, bakinsa ya karkace, ba ya iya magana. Aka mai da ni gidan iyayena a Yasore, aka riƙe 'ya'yana.

Daga baya wani malamin asibiti ya bayyana mini cewa maganin gaskiya ne, amma ba a ba da shi sai ga wanda ya yarda da kansa, aka duba lafiyarsa, aka gargaɗe shi cewa haɗa shi da giya na iya kisa. Mijina da ke neman hanyar bari, da an tambaye shi da ya yarda.

Na tsufa, fushina bai huce ba. Duk mai ɗan'uwan da giya ta kama, ya zaunar da shi su yi magana, su tafi wurin likita tare. Wanda kuma ya ba ki magani a ɓoye ya ce ki zuba wa wani, ki mayar masa a hannunsa. Ranar da abin ya ɓaci, ke kaɗai za a nuna.