Lallen Alƙahira a Ƙofar Guangzhou

Muna sama, tsakanin Alƙahira da Guangzhou, hannuna na dama ya fara ƙaiƙayi. Na ɗaga mayafi na duba. Duk inda zanen lalle ya bi ya tasa, ya yi jawur. Na yi maza na rufe, don Gwaggo Asabe, wadda ta ɗauko ni in koyi saro kaya, tana barci a gefena.

Kano zuwa Alƙahira

Da asuba muka bar gida, la'asar ta yi mana a Alƙahira. Jirgin China sai washegari, aka ba mu masauki. Da hantsi Gwaggo ta ce ba za mu wuni a ɗaki kamar majinyata ba. Muka hau tasi zuwa dandalin tsohuwar kasuwa, gaban wani babban masallaci.

Kasuwar Kurmi ma albarka! Ga masu fitilun tagulla, ga ƙamshin turare da gasasshiyar tantabara, ga mai zoɓo yana kaɗa farantan ƙarfe. Gwaggo ta shige shagon jallabiya tana ciniki da Larabcinta na aikin Hajji. Ni kuma wata mata ta kamo hannuna tana murmushi, ta nuna min zanen lalle. Kun san ni da ƙunshi, nan take na bari ta zana min. Kafin Gwaggo ta fito har ya bushe, baƙi wuluk.

"Lallen da bai sha leda ba, ya kama kafin a sha shayi?" in ji Gwaggo. "Bilki, wannan rinin gashi ne."

Na yi dariya, na ce kishi take yi.

Guangzhou

Lokacin gasar Olympics ne a China, bincike ya tsananta. Tun a jirgi ake ta labarin waɗanda aka mayar gida. Ga zazzaɓi ya rufe ni, hannu ya yi ƙuraje masu ruwa. Ina gifta na'urar auna zafin jiki, wata ma'aikaciya mai takunkumi ta tare ni, ta karɓi fasfona, ta nuna min wani ɗaki. Har yanzu ina tuna ƙarar rufe ƙofar nan. In aka juya ni, Gwaggo ma dole ta biyo ni, kayan sallar da mutane suka sa ta saro duk sun tashi.

Likita ya zo ya tsaya daga nesa yana kallon hannun. Turancina na sakandare ya gudu. Can sai ga Gwaggo ta taho da Alhaji Isuhu, mutumin Maraɗi da muka zo jirgi ɗaya, mazaunin unguwar Panyu a nan Guangzhou, mai jin yarensu.

"Ɗiyata, miƙo hannun, ki bar ɓoyo," ya ce. Ya juya ya yi wa likitan bayani yana bin zanen da yatsa. "Na ce mai, ina ya taɓa ganin cutar da ta iya zana fure?"

Likitan ya matso, ya ga ƙurajen ba su kauce wa layin zane ko ɗaya ba. Ya shafa min magani, ya ba ni ƙwaya, ya ce a jira.

Na zauna ina salati, Gwaggo na riƙe da hannuna na hagu, ba ta ce ai na faɗa miki ba. Wajen azahar aka sake auna ni. Likitan ya buɗe ƙofa da kansa, ya miƙo fasfona, ya ce wani abu.

"Ya ce ba komi, ki shiga gari," in ji Alhaji. "Amma ki bar ba baƙi hannunki."

Na gode wa Allah, na gode wa Alhaji Isuhu. Furen yana nan a bayan hannuna, ya zama tabo.