Layi Ɗaya a Kwamfutar Hadija

Duk wanda ya san Hadija, 'yar Bukari mahauci ta zangon Sokodé, ya san ba a gyara mata tsari. Tun tana lekol, wato makaranta, ko tsintsiya ka jingine ba inda ta ajiye ba, sai ka ji bakinta. Da ta gama karatun kwamfuta, wata ƙungiyar makiyaya a Dapaong ta ɗauke ta aiki, ta damƙa mata rumbun bayanai: teburin masu shanu, na garkuna, na ƙauyuka, na allurar rigakafi, har tebur goma sha ɗaya.

To, in ana son sanin garken da ba a yi wa allura ba, sai an haɗa teburan nan da kalmar JOIN. Na'urar kuwa tana da nata wayon: takan auna girman kowane tebur, ta zaɓi inda za ta soma don aiki ya yi sauƙi. Hadija ta ce ina! Ƙarfe ne zai zaɓa mata? Ta jera teburan yadda ta so, ta ƙara layi ɗaya da ya tilasta wa na'urar bin jerinta. Kuma a lokacin ta yi daidai, don teburin allura da ta sa a gaba ɗan mitsitsi ne.

Bayan shekara huɗu ciwon huhu ya ɓulla a shanun wajen Mandouri. Da safe Alassani, tsohon likitan dabbobin ƙungiyar, ya loda allurai cikin akwatin ƙanƙara, ya leƙo ofis.

"'Yata, ba ni sunayen garkunan da suka rage ba allura a ƙauyuka goma sha biyu na can. Ƙanƙarar nan ba za ta wuce la'asar ba."

Hadija ta danna, shiru. Ta zagi wuta, ta zagi waya, ta kashe ta kunna. Awa biyu cur! Alassani na zaune a benci yana duban akwatin ƙanƙara.

Daga ƙarshe ta sa na'urar ta nuna mata hanyar da take bi. Ashe teburin allura ya kumbura, ya haura layi miliyan, na'urar kuma tana ta bin sa ɗaya-ɗaya kafin ta ko kalli ƙauyuka goma sha biyun da ake nema. Ba don ba ta san gajeriyar hanya ba, an dai hana ta ne. Hadija ta goge layin nan da ta ƙara. Daƙiƙa shida sunaye suka fito.

Ƙauye tara Alassani ya samu kafin ƙanƙara ta narke. A cikin ukun da suka rage akwai rugar Garuba, wanda ya rasa shanu bakwai kafin a koma.

Ranar taron ƙungiya Garuba ya zo, ya zauna can baya. Alassani ya tashi ya ce na'ura ce ta tsaya, abin ƙarfe ba shi da tabbas. Kowa ya gyaɗa kai, har an fara wata magana.

Hadija ta miƙe.

"Baba, na gode, amma kada ka rufa mini. Na'urar ta san hanya, ni na hana ta." Ta juya baya. "Malam Garuba, shanunka bakwai, ni ce."