Furfurar da Tawul Bai Ɗauke Ba

Mai aski bai taɓa ganin mutumin nan ba. Yana zaune, hannuwa bisa gwiwa, da ganinsa bai wuce talatin ba, amma kansa fari fat. Rigar aikinsa ta faɗi inda ya fito: masana'antar bayan tasha, inda ake mai da tutiya gari don yin batir, garin da tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar masa da gobara.

"Tsufa tun yanzu, ɗan'uwa?" mai aski ya tsokane shi, yana goga masa jiƙaƙƙen tawul. Furfurar tana bin tawul, ashe ƙurar tutiya ce. Sai wani ɗan wuri bayan kunnen hagu da ya ƙi fita.

"Bar shi, Baba. Wannan tawa ce," in ji mutumin.

Mai aski ya ƙyasta ashana zai ƙona bakin injin aski, kamar kullum. Caraf mutumin ya damƙe masa hannu, idanunsa a ƙofa, leɓɓansa na kiran sunan wani.

Wa ya taɓa barowa a cikin gobara a masana'antar? Ƙani ne, ko aboki? Mai aski bai tambaya ba. Ya hure ashanar, ya ɗauko almakashi.